Jigilar ruwan sha a jirgi zuwa tsibiran Bahar Rum: dalilinta, tsadarta da iyakarta

"Assalamu alaikum, Injiniya. Na ji a labarai cewa duk lokacin zafi ana loda ruwan sha a jiragen ruwa ana kai wa mazauna wasu tsibirai na Girka da Italiya. Abin ya ɗaure mini kai. Yaya za a yi mutanen da ruwa ya kewaye su ta ko'ina su rasa na sha? In kuwa na tekun ba ya shayuwa, me ya hana su tace shi, tunda ƙasashe ne masu hali? Shin jigilar nan mafita ce mai ɗorewa, ko kuwa maneji kawai ake yi?" Daga wani mai karatu a Zariya.

Wa alaikumus salam, Malam. Tambayarka guda uku ce a dunƙule: abin da ke jefa tsibiri cikin ƙishirwa, dalilin da ya sa ake zaɓar jirgi alhali akwai injin tace ruwan teku, da kuma ko za a iya dogara da jirgin har abada. Ra'ayina, a matsayina na wanda aikinsa shi ne tsara yadda ruwa zai isa gidajen jama'a, shi ne jirgi yana ceton gari a ranar da komai ya tsaya, amma duk tsibirin da ya mayar da shi madogararsa ta kullum yana sayen ruwa mafi tsada kuma mafi rashin tabbas. Ga dalilaina.

Yadda tsibiri ke shiga ƙishirwa

Yanayin Bahar Rum ya saɓa da namu. A ƙasar Hausa zafin bazara ne ke share wa damina hanya, amma a can ruwan sama yana sauka ne a lokacin sanyi, daga wajen Nuwamba zuwa Maris, sannan daga Yuni zuwa Satumba da ƙyar ake ganin ɗigo ɗaya. Tsibiran Sikiladis da ke tsakiyar tekun Ejiyan na Girka suna samun ruwan sama da bai cika wuce milimita 400 a shekara ba, kuma galibinsu ƙanana ne, duwatsu ne masu gangara, babu kogin da ke gudu duk shekara. Ruwan da ya sauka da safe, kafin yamma mafi yawansa ya gangara teku.

Mu kan ce ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba, to amma a tsibiri tonon ma yana da iyaka. Ruwan daɗin da ya nutse cikin ƙasa yana zama ne a saman ruwan gishirin da ya ratso daga teku, domin ya fi shi rashin nauyi. A lissafin da masana ruwan ƙarƙashin ƙasa suka daɗe suna amfani da shi, duk mita ɗaya na ruwan daɗi da ya ɗara bakin teku tsawo, akwai kimanin mita 40 nasa a ƙasa. Wannan lissafi yana da daɗin ji har sai an juya shi: idan injin rijiyar burtsatse ya janye ruwan ya sauka da mita ɗaya, gishirin da ke ƙasa yana iya tasowa da kimanin mita 40. Shi ya sa rijiyar da ta shekara da shekaru tana ba da ruwa mai kyau kan koma zartsi cikin 'yan watanni idan aka matsa mata, kuma gyaruwarta kan ɗauki shekaru ko da an daina ja.

Sai kuma babban dalilin, wato baƙi. Watannin Yuli da Agusta, lokacin da madatsun ruwa da rijiyoyi suka fi yin ƙasa, su ne masu yawon buɗe ido ke kwararowa, har yawan mutanen wasu tsibirai ya ninka sau biyar ko fiye. Baƙon da ya biya kuɗin otal ba ya tsimin ruwa yadda ɗan gari ke yi: yana wanka sau biyu ko uku, ana wanke masa zannuwan gado da tawul, ga wurin ninƙaya da za a cika, ga furannin da za a shayar. Kakannin mutanen waɗannan tsibirai suna gina tanki a ƙarƙashin kowane gida, indararo na zuba ruwan rufi a ciki, iyali su lallaɓa shi har ruwa ya sake sauka. Da famfo ya zo, tankuna da yawa suka zama kufai. A bazarar 2024, bayan lokutan sanyi da ba a samu ruwan kirki ba, hukumomin Girka sun ayyana dokar ta-ɓaci kan ƙarancin ruwa a tsibirai irin su Leros da Sifnos, babbar madatsar ruwan Naksos kuma ta ƙafe.

Yadda ake jigilar

Girka ta shafe shekaru da dama gwamnati na biyan jiragen dakon ruwa. Na tsibiran Sikiladis an riƙa lodawa ne a tashar Labriyo da ke kusa da Atina, babban birnin ƙasar, ana kai wa ƙanana irin su Amorgos da Kimolos da Kufonisiya da Donusa. Na rukunin tsibiran Dodekanis kuma daga tsibirin Rodos aka riƙa ɗebowa zuwa wurare irin su Simi da Halki da Kastelorizo. A Italiya tun 1950 doka ta ɗora wa gwamnatin tsakiya nauyin shayar da ƙananan tsibirai, kuma har yanzu jiragen tanki na zirga-zirga zuwa wasu daga cikin tsibiran Eyoliya da ke arewa da Sisili. Kuroshiya ma tana da irin waɗannan jirage da ke cika wa mazauna ƙananan tsibiran gaɓarta tankuna da tallafin gwamnati.

Na taɓa tsayawa a tashar wani ƙaramin tsibiri ina kallon sauke ruwa, kuma abin da ya fi jan hankalina shi ne ƙanƙantar abin da dukan garin ya rataya a kansa. Jirgin ya jingina da gaɓa, ma'aikata suka jawo wata ƙatuwar tiyo suka ɗaura ta a bakin bututun da ke gefen tashar, suka ɗaɗɗaure kusoshi. Kafin a buɗe wa gari, ma'aikacin ƙaramar hukuma ya bar ruwan farko ya zube ƙasa, sannan ya tari kaɗan a kwalba, ya ɗaga ta sama ya duba, ya shinshina, ya jefa wata 'yar ƙwaya a ciki ya girgiza. Ruwan ya yi ja-ja mai haske, alamar akwai sauran kulorin, wato sinadarin kashe ƙwayoyin cuta, a cikinsa, wanda ake so ya kasance wajen miligiram 0.2 zuwa 0.5 a kowace lita. Daga nan injin jirgin ya fara turawa, tiyon ta kumbura ta miƙe, ruwan ya kama hanyar hawa zuwa tankin da ke kan tudu. Sa'o'i da dama aka kwashe ana turawa, kuma duk tsawon lokacin jirgin ya tare wurin da jirgin fasinja ke buƙata.

Wannan gwaji na kwalba ba wasa ba ne, domin ruwa yana ɗaukar wari da ɗanɗanon duk abin da ya zauna a ciki. Jirgin da zai yi dakonsa dole cikin tankunansa ya kasance ƙarfen da ba ya tsatsa ko kuma an shafe shi da fentin da aka amince da shi don abin sha, kuma dole a duba littafin jirgin a ga abin da ya ɗauka a baya. Sifen ta koyi wannan darasi a 1995, lokacin da fari ya tilasta ɗebo ruwan kogin Ebro daga Tarragona zuwa birnin Palma na tsibirin Mayorka: lodin farko sai zubar da shi aka yi, saboda ya kwashi warin sabon fentin da aka yi wa tankunan jirgin. An ci gaba da jigilar har 1997, an kai tan miliyan 17 ko kusa da haka, amma mutane ba su manta da lodin farkon ba. A tsibirin Saifurus kuma, a 2008, jirgin farko da ya kawo ruwa daga Girka ya iso gaɓar Limasol ya tarar bututun da zai karɓi ruwan bai kammalu ba, ya gaza da 'yan mitoci. Ruwan ya zauna cikin jirgi a tsakiyar zafi har aka ga bai dace a tura shi famfo kai tsaye ba, aka juye shi cikin ƙasa. Duka biyun, abin da ya ɓata aikin ƙaramin abu ne da gaggawa ta sa aka tsallake.

Nauyi da tsada

Nan ne zuciyar maganar. Lita 1,000 na ruwa nauyinsu tan ɗaya ne cif, wato jarka 40 masu cin lita 25. Duk wanda ya taɓa sayen ruwa a hannun 'yan garuwa ya san cewa kuɗin da yake biya na turin kura ne da nisan hanya, domin ruwan kansa a bakin rijiyar burtsatse ba shi da wani farashi mai yawa. Haka abin yake a teku. Tan ɗaya na ɗanyen mai ya kai ɗaruruwan daloli, saboda haka kuɗin dakonsa ɗan kaɗan ne cikin farashinsa. Tan ɗaya na ruwan famfo kuwa a yawancin biranen kudancin Turai bai wuce Yuro ɗaya ko biyu ba, ga shi jirgin da zai ɗauke shi yana shan mai, yana biyan ma'aikata da kuɗin tasha da inshora, sannan ya koma fanko ba tare da kayan da zai rage masa asara ba. Sakamakon haka, a ƙananan tsibiran Girka da Italiya tan ɗaya ya sha kaiwa Yuro 10 ko fiye kafin ya shiga tankin gari. Saifurus, wadda ta yi amfani da manyan jirage kuma ta ƙulla yarjejeniyar tan miliyan 8, ta kashe kimanin Yuro miliyan 40, wato wajen Yuro 5 a kan kowane tan, kuma kaso mafi tsoka na kuɗin na dako ne.

Bari in yi maka lissafin misali irin wanda nake fara yi kafin in ba kowace hukuma shawara. A ɗauka tsibiri ne mai mutum 1,000, kowa na amfani da lita 150 a rana: tan 150 ke nan, kuma jirgi mai ɗaukar tan 2,000 zai riƙe su kusan mako biyu. A watan Agusta mutanen sun koma 5,000, amfanin kowa kuma ya tashi zuwa lita 250 saboda otal-otal da gidajen abinci, buƙata ta zama tan 1,250 a rana. Idan tsofaffin bututun garin na yoyon kashi 30 cikin ɗari, wanda ba baƙon abu ba ne, sai an tura kusan tan 1,800 kafin 1,250 su isa famfo. Jirgin da ke riƙe gari mako biyu ya koma na yini guda. Kuma a daidai waɗannan watanni ne iskar arewa da Girkawa ke kira meltemi ke kaɗawa a tekun Ejiyan, wani lokaci kwanaki a jere, har ƙananan jirage su kasa fita ko su kasa jingina da gaɓa. Idan iska ta hana jirgi zuwa kwana huɗu, garin na buƙatar tankin da ya haura tan 7,000 don kada famfo ya ƙafe.

Saboda haka idan aka kira ni kan irin wannan matsala, tambayata ta farko ba ta shafi girman jirgi ba. Ina tambayar kwana nawa tankin gari zai iya riƙe jama'a idan babu abin da ya shigo, sannan nawa ne ke ɓacewa tsakanin tanki da famfo. Hanya mafi sauƙi ta gane na biyun ita ce a karanta mitar bakin tanki da tsakar dare, wajen ƙarfe biyu zuwa huɗu, lokacin da kusan kowa ke barci. Idan mitar na gudu sosai a wannan lokaci, ƙasa ce ke sha. Ruwan da aka saya Yuro 10 aka bar kashi ɗaya cikin uku nasa na tsiyaya a ƙarƙashin titi, a gaskiya an saye shi Yuro 15.

Akwai kuma wata illa da ba ta fitowa a lissafin injiniya. Idan gwamnatin tsakiya ce ke biyan jirgi, ɗan gari da mai otal kuma suna biyan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, babu wanda ke jin zafin tsadar a aljihunsa, saboda haka babu mai gaggawar gyara yoyo ko rage cika wurin ninƙaya. Ina goyon bayan a tallafa wa mazauna na dindindin a kan ruwan da suke buƙata don sha da girki da tsafta, amma ban ga hujjar da talakan Atina ko na birnin Rum zai biya harajin ruwan da baƙo zai yi iyo a ciki ba.

Sauran hanyoyin da aka gwada

An yi ƙoƙarin rage tsadar ta hanyar kawar da jirgin tankin gaba ɗaya. Tunda ruwan daɗi ya fi na gishiri rashin nauyi, idan aka ɗura shi a ƙatuwar jakar roba zai taso, sai ƙaramin jirgi ya ja ta. A ƙarshen shekarun 1990 an yi haka daga yankin Atina zuwa tsibirin Egina, an kuma yi daga Turkiyya zuwa arewacin Saifurus da jakunkuna masu cin dubban tan. Dabarar tana da kyau a takarda, amma igiyar ruwa ta riƙa yaga jakunkunan ko ta tsinke su daga jirgin da ke ja, kuma harkar ba ta ɗore ba.

Inda tsibiri ke kusa da babbar ƙasa, bututun ƙarƙashin teku ya fi komai. Mafi shahara shi ne wanda Turkiyya ta buɗe a 2015, daga madatsar Alakopru da ke kusa da Anamur zuwa madatsar Gecitkoy a arewacin Saifurus. Tsawonsa a cikin teku kilomita 80 ne, an rataye shi a zurfin mita 250 maimakon a shimfiɗa shi a ƙasan tekun mai zurfin gaske, kuma an tsara shi ya kai tan miliyan 75 a shekara. Ka kwatanta da tan miliyan 8 da aka yi ta fama da jirage a kansu a 2008, za ka ga tazarar. Sai dai bututu igiya ɗaya ce: wannan ɗin ya fashe a farkon 2020, gyaransa ya ɗauki watanni. Bututun da aka shimfiɗa zuwa tsibirin Egina shi ma an lalata shi a farkon 2024. A Yunin shekarar kuma wata matsala a bututun da ke shayar da tsibirin Kafri na Italiya ta sa magajin garin ya hana masu yawon buɗe ido sauka na wasu sa'o'i.

To, ga batun tace ruwan teku da ka tambaya. Ana yi, kuma shi ne ya raba tsibirai da yawa da jirgi. Lanzarote ta Sifen, wadda a da jiragen sojan ruwa ke kai wa ruwa a shekarun fari, ta kafa injinta tun tsakiyar shekarun 1960. Malta ta fara da manyan injuna a farkon shekarun 1980, yau fiye da rabin ruwan famfonta daga teku yake. Palma ta buɗe tata matatar a 1999, shekara biyu bayan jiragen Ebro. Can a Bahamas, an yi fiye da shekara 30 ana ɗebo wa birnin Nasau ruwa daga tsibirin Andros, aka daina a 2011 bayan an faɗaɗa matatar ruwan teku. Yadda injin ke aiki shi ne a matsa ruwan da ƙarfin gaske ya ratsa wani tantani mai ƙananan ƙofofi da gishiri ba ya iya bi. Ruwan gabashin Bahar Rum na ɗauke da gishiri wajen giram 38 zuwa 39 a lita, ya fi na yawancin tekuna, kuma daga kowace lita 100 da aka ja ana samun 40 zuwa 45 na sha, sauran a mayar teku da gishiri mai kauri. Kowane tan yana cin lantarki kilowat 3 zuwa 4 na sa'a guda, kuma a ƙaramin tsibiri farashinsa kan tsaya tsakanin Yuro 1 da 3, gwargwadon girman injin da tsadar wuta. Ko a mafi tsadarsa bai kama ƙafar jirgi ba.

Abin da ke hana kowane tsibiri samun nasa ya fi kama da matsalar gudanarwa. Injin da aka saya don buƙatar Agusta zai yi wata tara yana zaman banza, ga tantaninsa na lalacewa idan ba a adana shi yadda ya kamata ba. Tsibirai da yawa ba su haɗe da babban layin lantarki ba, da man dizal suke samar da wuta, kuma lokacin da injin ruwa ya fi buƙatarta shi ne lokacin da na'urorin sanyaya ɗaki suka fi ja. Ragowar ruwan gishirin, idan aka zuba shi a wuri mara zurfi, yana kashe ciyawar tekun da kifaye ke hayayyafa a cikinta, shi ya sa izinin hukumar muhalli kan ɗauki lokaci. Sannan ƙaramar hukuma mai mutum ɗari biyar ba lalle ta iya riƙe ƙwararren ma'aikacin da zai kula da injin ba. Na ga injin da ya yi makonni a tsaye saboda wani ɗan ƙarfe da sai an yi odarsa daga wata ƙasa, garin kuma ya koma jiran jirgi. Ko manyan birane ba su tsira ba: a Disambar 2014 gobara ta tsayar da matatar Male, babban birnin Maldibs, sai da Indiya da wasu ƙasashe suka yi ta kai ruwa ta sama da ta teku.

Inda jirgi ke da gurbi

Daga wannan za ka ga inda na tsaya. Idan ƙaramar hukumar tsibiri ta nemi shawarata, zan ce ta fara da gyaran yoyo da saka mita a kowane gida da otal, domin shi ne ruwa mafi araha da za ta samu. Ta farfaɗo da tankunan ruwan sama: milimita ɗaya a kan rufi mai faɗin murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce, don haka rufi mai murabba'in mita 100 a wurin da ake samun milimita 400 zai tara kusan tan 40 a shekara, in an cire ɗan abin da ke ɓacewa. Ta tace ruwan da aka yi amfani da shi don ban-ruwan lambuna. Ta kafa injunan tace ruwan teku ƙanana guda biyu ko uku maimakon babba ɗaya, yadda idan ɗaya ya tsaya sauran za su riƙe gari, ta kuma faɗaɗa tankinta. Bayan duk wannan, ta bar bututun tasha da tiyo a gyare, ta ƙulla yarjejeniya da mai jirgi tun lokacin sanyi, domin ba a fafe gora ranar tafiya, kuma jiragen da suka cancanci ɗaukar ruwan sha ba su da yawa: idan fari ya zo, kowa su yake nema a lokaci guda, farashi kuma ya tashi.

Akwai tsibiran da mazaunansu 'yan gommai ne, waɗanda jirgi ɗaya zai cika musu tanki su yi watanni. A irin waɗannan, jigilar na iya fin kafa inji sauƙi, kuma ba na ganin laifin a ci gaba da ita. Farashin da na ambata kuma yana motsi da kuɗin mai da nisan hanya da irin kwangilar da aka ƙulla, saboda haka duk wanda zai yanke shawara kan wani tsibiri takamaimai sai ya yi lissafi da alƙaluman wurin. Iyakar aikina ita ce in faɗa wa hukuma tan nawa tsibirinta zai iya samarwa a rana da abin da kowane tan zai ci. Gado nawa na otal za a ba izini, da wuraren ninƙaya nawa za a bari a haƙa, wannan hukunci ne na mutanen tsibirin da shugabannin da suka zaɓa.